Na ɗaga Zabbix daga 4.0 zuwa 6.0, rumbun bayanai ya tsaya a tsakiyar hanya

Abban Nana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san harkar Zabbix ya kawo mini ɗauki, tun bayan la'asar nake zaune gaban injin nan.

Muna da 'yar ƙaramar hanyar sadarwa a nan Kaduna, muna raba intanet ga shaguna da makarantu da gidaje. Na'urorin da muke sa wa ido sun kai 140: rautocin MikroTik, eriyoyin Ubiquiti a kan turaku, da sauran tarkace. Zabbix 4.0, manhajar sa ido kan na'urori, ne ke lura da su tun 2019, a kan Ubuntu 18.04 da rumbun bayanai na MariaDB 10.1, duk a cikin VM ɗaya, wato kwamfutar manhaja da ke gudana cikin babban injin, a kan Proxmox mai tafiyar da irin waɗannan VM. Wanda ya kafa shi ya bar aikin, ni na gada. Da yake Ubuntu 18.04 ta daina samun gyaran tsaro na kyauta tun 2023, shi ma 4.0 ɗin an daina kula da shi, sai na ce bari in yi aikin gaba ɗaya a ƙarshen makon nan. Na hau 20.04, na wuce 22.04, MariaDB ta koma 10.6, na ɗora Zabbix 6.0.

Yanzu in na buɗe shafin sai jan rubutu: `The Zabbix database version does not match current requirements`. Wai 6000000 ake buƙata, ni kuma tawa wata lamba ce mai farawa da 403. Na leƙa, akwai wani ɗan tebur `dbversion`, layi ɗaya ne tal a cikinsa. In na canza lambar da hannu ta koma 6000000, zai tashi?

Ɗan Kurmi

Wa alaikumus salam. Oga ni dai shawarata ka goge shi kawai ka saka sabo. Rabin awa ta ishe ka. Na'ura 140 ba wani yawa ba ne, ka bar shi ya lalubo su da kansa ta SNMP, hanyar da ake tambayar na'urorin sadarwa bayanansu.

Abban Nana

Ba zai yiwu ba ƙanena. A cikinsa muke ciro wa makarantu hujjar yawan intanet ɗin da suka sha idan gardama ta tashi a kan kuɗin wata. Ga ƙa'idojin ƙararrawa da aka tsara ɗaya bayan ɗaya, kowane turke da nasa ma'aunin batir. Shekaru aka ɗauka ana gina su.

Malam Injiniya

Abban Nana, ɗauke hannunka daga wannan teburin tukuna.

Lambar nan kamar tsinken da ake sa wa a littafi ce don a san inda karatu ya tsaya. Idan sabuwar sabar Zabbix ta tashi, ita take fara karantawa. In ta ga ta gaza wadda take buƙata, sai ta kama gyaran tebura, gyara ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa ne tsakanin 4.0 da 6.0. Duk wanda ta kammala sai ta ƙara lambar, ta shiga na gaba. Taka ta fara daga 4000000. Tunda yanzu tana farawa da 403, ka wuce gyare-gyaren 4.2 ke nan, ka faɗi a cikin waɗanda ke kai wa ga 4.4.

In ka rubuta 6000000 da hannunka, sabar za ta ɗauka an gama komai. Sai ta je neman tebura irin su `role` da `item_tag` da `ha_node` waɗanda ba a ma gina su ba. Mafi muni kuma, ka cire tsinken, babu wanda zai ƙara sanin inda aikin ya tsaya.

Ka fara tsayar da ita da `systemctl stop zabbix-server`, don in ba ka tsayar ba systemd zai yi ta tayar da ita duk bayan daƙiƙa 10 tana faɗuwa a wuri ɗaya. Sannan ka buɗe `/var/log/zabbix/zabbix_server.log`, ka nemo inda aka rubuta `starting automatic database upgrade`, ka turo mana abin da ya biyo baya. Shafin yanar gizon ba ya faɗar dalili, wannan kundin ne ke faɗa.

Kana da kwafin ajiya na kafin ka fara?

Abban Nana

Na tsayar, ranka ya daɗe. Ga abin da ke maimaita kansa, ya kai sau ɗari:

`query failed: [1118] Row size too large (> 8126)`

Sai umarnin `alter table host_inventory modify name varchar(128)`, sai `database upgrade failed`.

Kwafin ajiya akwai, na fitar da rumbun zuwa fayil da mysqldump daren Juma'a.

Umman Sadiq

Sannu da fama Malam. Wannan sananniyar matsala ce ga duk rumbun da aka gina a kan MariaDB 10.1 ko abin da ya gabace ta, kuma tana da sauƙin magani.

InnoDB, sashen MariaDB da ke riƙe tebura, tana ajiye bayanai a shafuka masu girman KB 16, kuma layi ɗaya ba ya wuce kusan rabin shafi. Daga nan lambar 8126 ta fito. A tsohon tsarin layi, wanda ake kira COMPACT, duk ginshiƙi mai dogon rubutu sai an bar bayit 768 na farkonsa a cikin layin kafin a kai ragowar wani shafin. A sabon tsari, DYNAMIC, ana iya fitar da shi gaba ɗaya a bar ɗan manuni mai bayit 20 kawai. Shi kuwa `host_inventory` ginshiƙansa sun kai wajen saba'in, yawancinsu rubutu ne: sunan mai kula, adireshi, lambar na'ura da sauransu. In aka lissafa mafi girman abin da layi zai iya ɗauka a COMPACT, ya zarce iyaka.

Daga MariaDB 10.2.2 aka mayar da DYNAMIC tsarin asali, aka kuma kunna `innodb_strict_mode` tun daga farko, wanda ke sa ta ƙi teburin da layinsa zai iya zarce iyaka. Amma ɗaga sigar MariaDB ba ya sake gina tsofaffin tebura, naka suna nan a COMPACT yadda aka kafa su a 2019. Tsohuwar tana kawar da kai, sabuwar kuma da aka ce ta taɓa teburin sai ta sake lissafi ta ƙi.

Maganin: `ALTER TABLE host_inventory ROW_FORMAT=DYNAMIC;` da sauran teburan saiti.

Ɗan Kurmi

Anti ai akwai gajeriyar hanya. `SET GLOBAL innodb_strict_mode=OFF`, ka tayar da sabar ta wuce. Ni haka na yi wa wani otal a nan Kano bara, har yau yana aiki.

Umman Sadiq

Zai wuce, ban musa ba. Amma teburin yana nan yadda yake. Abin da ka kashe shi ne mai gargaɗin. Ranar da wani ya zauna ya cike bayanan wata na'ura sosai, ko aka kunna cikewa ta atomatik daga SNMP, sai kuskuren 1118 ya dawo a lokacin rubuta bayani, kuma wanda ke kan aiki a ranar ba zai san daga ina abin ya taso ba. Teburin nan layi 140 ne a wajen Abban Nana, gyaransa na gaskiya ko daƙiƙa biyu ba zai ci ba.

Ɗan Kurmi

Na ji Anti. Amma fa su kansu masu Zabbix akwai inda suke cewa a kashe shi na ɗan lokaci.

Umman Sadiq

Na ɗan lokaci, a cikin aikin da ake gyara teburin, sannan a mayar. Kai ka mayar da na otal ɗin?

Ɗan Kurmi

Gaskiya ban tuna ba. Gobe in sha Allah zan shiga in duba.

Abban Nana

Jama'a an sake samun matsala. Na haɗa umarnin da zai juya duk teburan da ke rumbun zuwa DYNAMIC a lokaci guda, na sake shi na tafi sallar isha'i. Na dawo na tarar ya tsaya a kan `history_uint`, ɗaya daga teburan da ke ajiye tarihin ma'aunai, da kuskure 1114, `The table is full`. Faifan GB 250 ne, `history_uint` kaɗai ya ci 150, saura wajen 40.

Malam Injiniya

Canza tsarin layi sake gina tebur ne daga tushe. MariaDB za ta rubuta sabon kwafi a gefe, sai ta gama ta goge tsohon. Tebur mai GB 150 yana neman kusan wani 150 ɗin a sarari, kai kuma 40 gare ka. Duba `df -h`, in sararin ya dawo to ta janye aikin da kanta, babu ɓarna.

Kuma teburan tarihi ba sa cikin wannan maganar sam. `history_uint` ginshiƙi huɗu ne, duk lambobi. Ka tsallake `history` da 'yan'uwansa huɗu, ka tsallake `trends` da `trends_uint`. Ita ma Zabbix ba ta taɓa su a gyaran da take yi da kanta, saboda girmansu.

Umman Sadiq

Na ce teburan saiti, amma ya kamata in fito fili in ce kada a taɓa na tarihi. Ka yi haƙuri Malam.

Abban Nana

Haba Hajiya, ba komai wallahi, gaggawata ce. Sarari ya dawo. Na juya sauran, na tayar da sabar, ga shi tana tafiya: `completed 12% of database upgrade`, 13, 14. Allah ya saka muku da alheri.

Abban Nana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tana kan sittin da wani abu aka ɗauke wuta. Batiran inbata sun riga sun yi sanyi tun yamma, kafin mai gadi ya tayar da janareta injin ya mutu. Yanzu ya dawo, MariaDB ta tashi lafiya, amma Zabbix na cewa `[1060] Duplicate column name` sannan `database upgrade failed`. Lambar yanzu tana farawa da 503.

Mai Linux

Ga irin abin da ya sa na bar MySQL da danginta irin MariaDB. A rumbun PostgreSQL canjin tebur yana shiga cikin ma'amala ɗaya da sauran umarni, wato ƙunshin da ko duka su kammala ko babu wanda ya faru, in wuta ta ɗauke duk su koma baya tare. A MariaDB kowane ALTER yana tabbatar da kansa nan take. An ƙara ginshiƙin, ba a kai ga ƙara lambar `dbversion` ba injin ya mutu. Yanzu tana son ƙara abin da yake nan.

Ka koma PostgreSQL da TimescaleDB, ƙarin da ake ɗora mata don bayanan tarihi, Zabbix na karɓarta tun 4.2, daga 5.0 kuma har matse tsofaffin bayanai take yi. Wannan 150 ɗin naka zai ragu sosai.

Malam Injiniya

Bayaninka a kan dalilin daidai ne. MariaDB 10.6 ta kawo tsarin da ALTER ɗaya ba ya rabewa biyu in an yi hatsari, ko dai ya kammala ko bai faru ba, amma bai haɗa shi da umarnin da ke biye ba. Sai dai mutumin da rumbunsa ke rataye a tsakiya ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba a ce masa ya yi ƙaura zuwa wani injin rumbun. Wannan zancen wata mai zuwa ne.

Abban Nana, ana iya ci gaba daga nan. Gyare-gyaren suna cikin lambar tushen Zabbix a fili, a `src/libs/zbxdbupgrade`, kowane da lambarsa. Ka nemo wanda ke bin lambar da kake kai, ka karanta abin da yake yi. In ƙara ginshiƙi ɗaya ne kawai, ka goge wannan ginshiƙin da hannu, ka tayar da sabar ta sake ƙara shi da kanta. Babu komai a cikinsa tukuna.

Umman Sadiq

Malam, a nan ban bi ka ba. Kai za ka iya, don kana karanta C kamar wasiƙa. Amma lambobin 503 su ne masu kai wa ga 5.4, kuma a nan ne aka yi manyan juye-juye: aka sauya yadda ake rubuta ƙa'idojin ƙararrawa gaba ɗaya, aka mayar da rukunonin ma'aunai zuwa alamomi, aka mayar da tsofaffin allunan kallo zuwa sabbin alluna. Wasu gyaran suna ƙara ginshiƙi, na bayansu su kwashe bayanai su zuba. Rumbun nan an kashe masa wuta yana tsakiyar aiki, bayan ya sha faɗuwa sau ɗari a wuri ɗaya. Ko ya kai 6000000 ta wannan hanyar, ni ba zan natsu da shi ba. Ƙararrawar da ta lalace shiru take yi, ba za ka sani ba sai ranar da turke ya mutu ba a kira kowa ba.

Tunda akwai kwafin daren Juma'a, a koma kansa a sake aikin a tsanake.

Malam Injiniya

Gyaran da ke kwashe bayanai yana cikin ma'amala, InnoDB ta riga ta janye wanda bai kammala ba lokacin da ta tashi. Haɗarin bai kai yadda kike gani ba Hajiya. Amma na yarda da abu ɗaya: in akwai kwafi mai kyau, komawa kansa ya fi sauƙin tabbatarwa. Abban Nana, kafin mu ci gaba da jayayya, duba mana layin ƙarshe na kwafin. In matsattse ne, `zcat` ka haɗa da `tail -1`. Ya kamata ka ga `-- Dump completed on` da kwanan wata.

Abban Nana

Babu wannan layin. Lambobi ne kawai, sun yanke a tsakiyar baka. Yanzu na tuna, daga gida na sake shi ta SSH, na bar kwamfutar a buɗe na kwanta. Da safe na ga fayil mai GB 6 na ɗauka ya gama.

Malam Injiniya

Layinka ya yanke cikin dare, aikin ya mutu tare da shi. Irin wannan a cikin `tmux` ko `screen` ake sakinsa, don ya ci gaba ko da layi ya yanke.

Abin da ya fi ciwo, mysqldump na bin tebura ne bisa jerin haruffa. `history` na zuwa kafin `hosts`, kafin `items`, kafin `triggers`, kafin `users`. Ya mutu a cikin tarihi, bai ma iso inda na'urorinka suke ba. Wannan fayil ɗin ba zai dawo maka da komai ba.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Zinder. Malam Abban Nana, ka ce a Proxmox yake. Shiga Datacenter ka duba sashen ajiya, wataƙila wanda ya gabace ka ya tsara kwafin VM na mako-mako. Mu nan saboda yawan yankewar wuta haka muke yi wa kowane inji, a kan faifan waje.

Abban Nana

Allahu Akbar. Akwai! Wani faifan USB ne a bayan injin, kullum ina ganinsa ban taɓa tambayar aikinsa ba. Duk daren Lahadi yake ɗauka, na ƙarshe na Lahadin da ta wuce ne, Ubuntu 18.04 da komai nata. Allah ya yi wa wannan bawan Allah albarka duk inda yake. Kai ma Allah ya biya ka ɗan'uwa.

In kwafo `/var/lib/mysql` daga ciki in ɗora a kan sabon?

Umman Sadiq

A'a. An ɗauki kwafin ne injin na gudana, a wajen InnoDB daidai yake da wanda aka zare wa wuta. Sigar da ta rubuta shi ce kaɗai za ta farfaɗo da shi. In ka ba wa 10.6 za ta ce maka `Upgrade after a crash is not supported` ta ƙi tashi.

Ga yadda zan yi in ni ce. Ka dawo da kwafin a matsayin sabon VM mai wata lamba daban, a kan faifan wajen in babu wuri a ciki. Kafin ka kunna shi ka cire masa katin sadarwa, in ba haka ba zai tashi da adireshin IP ɗaya da na yanzu, ya kuma fara tura wa mutane saƙonnin ƙararrawa. Ka shiga ta allon Proxmox, ka tsayar da Zabbix, ka bar MariaDB 10.1 ta gama farfaɗowa. Sai ka fitar da fayil biyu: na tsarin tebura da `--no-data`, da na bayanai da `--no-create-info`, dukansu ka tsallake teburan tarihi guda bakwai da `--ignore-table`. Abin da zai rage ƙarami ne, 'yan mintuna zai ɗauka.

A sabon injin ka buɗe rumbu na biyu, ka ce masa `zabbix2`, ka zuba fayilolin. Da yake ba a rubuta tsarin layi a cikin umarnin gina teburan ba, 10.6 za ta gina su a DYNAMIC da kanta, matsalar 8126 ta wuce ke nan.

Tarihinka kuma yana nan lafiya a rumbun da ya lalace, tunda gyaran bai taɓa shi ba. `RENAME TABLE zabbix.history_uint TO zabbix2.history_uint`, haka ga duka bakwai ɗin. Ba kwafa yake yi ba, matsar da fayil ne a faifai ɗaya, nan take yake gamawa ko da 150 ne.

Malam Injiniya

Wannan ta fi tawa. Na janye. Ƙari ɗaya: ka adana fayilolin nan biyu a wata kwamfutar kafin ka tayar da sabar. In wuta ta sake yin halinta, ka mayar da teburan tarihi gefe, ka goge `zabbix2`, ka sake zubawa. Kuma ka kunna janareta tun kafin ka fara, kada ka jira a ɗauke.

Umman Sadiq

Malam Abban Nana, tsakanin Lahadi da Juma'a ka ƙara wata na'ura?

Abban Nana

Eriya biyu na ƙara ranar Laraba a turken Rigasa.

Umman Sadiq

To ka lura da wannan. Tarihi ba ya ɗauke da sunan na'ura, lambar `itemid` kawai yake riƙewa. Saitin Lahadi bai san eriyoyin nan ba, amma tarihinsu na kwana uku yana cikin teburan. Duk ma'aunin da ka ƙirƙira nan gaba zai karɓi waɗannan lambobin, sai ka ga zanen sabuwar na'ura da bayanan da ba nata ba. Kafin ka tayar da sabar, ka duba `max(itemid)` a teburin `items` na `zabbix2`, ka goge duk layin tarihi da lambarsa ta wuce haka. Akwai fihirisa a kan ginshiƙin, ba zai daɗe ba.

Ɗan Kurmi

Tunda za ka taɓa fayil ɗin tsari, duba haruffa ma Oga. Wani rumbun da na gada a tsarin haruffa na latin1 aka gina shi, duk sunayen da muka rubuta da ƙugiya suka lalace. Turken Ƙofar Ruwa ya koma ?ofar Ruwa, na Ɗorayi ya koma ?orayi, kuma ba sa dawowa sai an sake rubutawa.

Abban Nana

Nawa `CHARSET=utf8` na gani a ƙarshen kowane tebur, ba wani abu bayansa.

Umman Sadiq

Ƙugiyoyinka lafiya lau ke nan, ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu-biyu ne, utf8 na MariaDB na ɗaukar har uku. Sai dai rashin komai a bayansa na nufin `utf8_general_ci`, wadda ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami. Zabbix `utf8_bin` take so, ko `utf8mb4_bin` daga 6.0, in ba haka ba za ta yi ta ƙorafi a kundin rahoto da shafin bayanin tsarin. A fayil ɗin tsari kaɗai, ka mayar da `CHARSET=utf8` ya zama `CHARSET=utf8 COLLATE=utf8_bin` kafin ka zuba. Shi ya sa na ce a raba fayilolin biyu, don kada gyaran ya shiga cikin bayanai. Zancen utf8mb4 ka bar shi zuwa wani lokaci.

Mai Linux

Ga masu MySQL 8 da ke karantawa, akwai wani tarkon da Abban Nana ya tsallake. A can binlog, kundin da ke rubuta duk canjin da aka yi a rumbun, a kunne yake tun asali, kuma daga 6.0.11 gyaran yana ƙirƙirar wasu umarnin da ke tashi da kansu a cikin rumbun. Zai tsaya da kuskure 1419 sai ka sa `log_bin_trust_function_creators=1`, in an gama ka mayar sifili. A MariaDB binlog a kashe yake sai in wani ya kunna.

Ɗan Damagaram

Kana da furoksi a wasu wurare, wato ƙaramin injin Zabbix da ke tara bayanai a reshe ya tura wa sabar? A 6.0 dole furoksi ya zama siga ɗaya da sabar. In kuma SQLite yake amfani da ita, ba ya gyara rumbunsa da kansa, sai ka tsayar da shi ka goge fayil ɗin ya gina sabo. Mu mun kwana biyu muna neman dalilin da ya sa reshenmu na Maradi ya yi shiru. Ƙananan wakilan Zabbix da ke kan kwamfutocin da ake lura da su kuwa ba gaggawa, tsofaffin na aiki da sabuwar sabar.

Abban Nana

Akwai ɗaya a Zariya, a kan Raspberry Pi, SQLite ne. Na rubuta. Dawo da kwafin ya fara, yana nuna zai kai asuba. Sai da safenku.

Abban Nana

Barkanmu da rana. Alhamdulillahi.

Bayan sallar asuba na kunna tsohon VM ɗin babu katin sadarwa, ya tashi. Fayilolin biyu ba su kai MB 400 ba, na duba ƙarshen kowanne na ga `Dump completed`. Na ajiye kwafi a kwamfutata, na gyara haruffa, na zuba, na matsar da teburan tarihi, na goge layukan eriyoyin Rigasa. Na canza `DBName` a `zabbix_server.conf` da kuma `zabbix.conf.php`, na ba mai amfani izini a kan sabon rumbun. Na sa aka kunna janareta ina tsaye, sannan na tayar da sabar. Minti tara ta yi ta rubuta `database upgrade fully completed`.

Na buɗe zanen makarantar da muka fi yin lissafi da ita, ya koma har 2019 babu giɓi sai na jiya da yau. Don in gwada ƙararrawa na zare wayar rautar ofis, saƙo ya shigo wayata cikin minti biyu.

Saura abu ɗaya, kundin na cewa `database is not upgraded to use double precision values`. Wannan fa?

Malam Injiniya

Madalla, barka. Wannan gargaɗi ne, ba ya hana aiki. Daga 5.0 aka faɗaɗa irin lambobin da `history` da `trends` ke ɗauka, aka bar gyaran a hannun mai rumbu, fayil ɗinsa `double.sql`. Haka ma mabuɗan asali na teburan tarihi da 6.0 ta kawo, nasu `history_pk_prepare.sql`. Duka biyun suna taɓa manyan tebura, kai kuma 40 ɗin nan ce gare ka. Ka fara duba kwana nawa kake ajiye ɗanyen tarihi. Lissafin makarantu daga `trends` yake fitowa, wanda ke riƙe taƙaitawar kowace awa. In ka rage ɗanyen zuwa wata ɗaya ko biyu, abin da za ka kwashe zuwa sabon tebur zai zama kaɗan, ka goge tsohon, sararin ya dawo.

Abban Nana

Na duba, kwana 365 aka sa wa yawancinsu. Zan zauna da mai gidan mu yanke nawa za mu bari, tare da maganar batiran inbata.

Umman Sadiq

Tsohon rumbun `zabbix` ka bar shi mako guda kafin ka goge. Kuma kwafin daren yau Lahadi zai hau kan faifan USB ɗin, ka duba guda nawa aka ce ya riƙe, kada ya share na 18.04 da ya cece ka.

Abban Nana

Biyu yake riƙewa. Na sa wa na makon jiya kariya yanzun nan. Eriyoyin Rigasa na mayar da su, gobe da safe in sha Allah zan shiga Zariya in yi na furoksin.